Tiyatar Sankarar Furostet: Yadda Muke Kare Jijiyoyi, da Yadda Riƙon Fitsari Ke Dawowa

Idan muka zauna da mutumin da za a cire wa furostet saboda sankara, kafin ya sa hannu a takardar amincewa akwai maganar da ba ma tsallakewa. Muna gaya masa cewa bayan aikin nan fitsari zai riƙa zubo masa ba da niyyarsa ba, na ɗan lokaci ga mafi yawan maza, na dindindin ga kaɗan daga cikinsu. Daga nan zancen kare jijiyoyi ke shigowa. Wasu sun ji cewa domin ƙarfin mazakuta kaɗai ake yin wannan salon tiyata. Wasu kuma an gaya musu cewa muddin aka kare jijiyoyi to babu yoyo. Duka biyun da gyara. Zan bi aikin daki-daki yadda muke yin sa, daga ɗakin ganin likita har zuwa shekara guda bayan tiyata, don a ga inda riƙon fitsari ke tsira da inda yake lalacewa.

Ana yawan kiran cutar da sankarar mafitsara, amma ba mafitsara ake cirewa ba. Furostet wata tsoka ce mai nauyin kamar giram 20 zuwa 30 a jikin matashi, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari kuma ta tsakiyarta ya ratsa. A bayanta hanjin dubura yake, a gabanta ƙashin mara. Namiji yana da makulli biyu da ke tare fitsari. Na sama yana wuyan mafitsara, yana aiki da kansa ba tare da mutum ya sani ba. Na ƙasa wani zoben tsoka ne da ya kewaye bututun fitsari daidai inda ya fito daga ƙasan furostet, kuma tsawon wannan yanki bai cika wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Idan muka cire furostet, makullin sama yakan tafi ko ya raunana sosai. Duk nauyin riƙe fitsari sai ya dawo kan ɗan zoben nan na ƙasa, wanda kuma a bakinsa wuƙarmu ke wucewa.

Jijiyoyin da ake maganar karewa suna tafiya ne a gefe biyu na bayan furostet, dama da hagu, a haɗe da ƙananan jijiyoyin jini, cikin siraran tantani da ke lulluɓe da ita. In aka kalli wurin kamar fuskar agogo, mafi yawansu suna wajen ƙarfe 5 da ƙarfe 7, ko da yake wasu zarurrukan sun bazu har sama. Su ne ke kai saƙon miƙewar gaba. Kafin 1982 yanke su ake yi a kusan kowane aiki, domin ba a san takamaiman hanyarsu ba. Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, tare da Pieter Donker na Leiden a ƙasar Holan, su suka bi sawunsu suka gano cewa a wajen furostet suke, ba a cikinta ba. A watan Afrilu na 1982 Walsh ya yi aikin farko da ya bar su da gangan. Don mazakuta ya yi, amma ba a daɗe ba likitoci suka lura cewa waɗanda aka bar wa jijiyoyin sun fi saurin daina yoyo.

Wa za a kare wa jijiya, wa ba za a kare wa ba

Ba kowa ne ya cancanta ba, kuma hukuncin gefe-gefe muke yanke shi, ba na mutum gaba ɗaya ba. Muna haɗa abubuwa huɗu: adadin PSA a jini (wani sinadari ne da furostet ke fitarwa, yakan hau idan akwai sankara), abin da yatsa ya ji ta dubura, hoton MRI, da sakamakon ɗan naman da aka ɗebo da allura aka duba, wanda ke nuna zafin cutar daga mataki na 1 zuwa na 5 da kuma gefen da take. Idan ƙarin yana tsakiyar furostet, nesa da bangonta, za a iya barin jijiyoyin gefe biyu. Idan ya jingina da bangon dama, ko hoton ya nuna ya fara ɓullowa waje ta nan, sai mu cire na dama tare da shi mu bar na hagu. Idan cutar ta fito ta ko'ina, babu batun karewa. Ba na sassauci a wannan gaɓar, domin mutumin da aka bar wa jijiya aka kuma bar masa sankara a jikinta zai koma gashi daga baya, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, gashin kuwa yana ƙara raunana makullin da aka yi ta wahalar karewa.

Wannan ne ya sa zuwa asibiti da wuri yake da muhimmanci a wajenmu. Sankarar furostet ita ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Najeriya, baƙar fata kuma sun fi sauran jinsi haɗarin kamuwa da ita. A Birtaniya lissafinsu ya nuna 1 cikin baƙaƙen maza 4 zai gamu da ita a rayuwarsa, alhali a jimillar maza 1 cikin 8 ne. Da yawa ba sa zuwa sai ta kama ƙashin baya, lokacin da ba a ma zancen cire furostet, balle kare jijiya.

Akwai kuma abubuwan da muke dubawa waɗanda ba su shafi cutar ba amma suna gaya mana yadda riƙon fitsari zai kasance. Shekaru na kan gaba: ɗan shekara 55 ya fi ɗan 72 saurin warkewa. Sai ƙiba, ciwon suga, da ko an taɓa kankare masa furostet ta bututu saboda toshewar fitsari. Muna tambaya ko tun yanzu yana tashi fitsari sau da yawa da dare, ko fitsari na matsa masa har ya kusa kufcewa, domin mafitsarar da ke da gaggawa tun kafin aiki ba tiyata ce za ta gyara ta ba. Wanda ya taɓa fama da tsargiya ko ciwon sanyi ya faɗa, saboda suna iya barin tabo a mafitsara ko a bututu. A hoton MRI kuma muna auna tsawon bututun da ke tsakanin ƙasan furostet da gindin azzakari. Bincike ya tabbatar cewa kowane milimita guda na ƙarin tsawo yana ƙara damar dawowar riƙo. Mai milimita 16 da mai milimita 9 ba magana ɗaya muke yi musu ba.

Bayan ɗebo nama da allura mukan jira kamar mako 6 kumburi ya sauka. A cikin waɗannan makonni ne ake koyon motsa tsokar ƙasan mara, tun jiki na lafiya yana jin abin da yake yi. Koyonta bayan an yi yanka ya fi wuya nesa ba kusa ba.

A ɗakin tiyata

Ana yin aikin ta hanya uku: yanka daga ƙasan cibiya zuwa mara, ko ta ƙananan huda da madubin leƙen ciki, ko da na'urar robot irin da Vinci wadda likita ke sarrafawa daga kujerarsa. Matakan iri ɗaya ne. Robot yana rage zubar jini da kwanakin asibiti, yana kuma ƙara girman abin da ido ke gani kamar sau 10. Amma gwajin da aka yi a Brisbane ta Ostireliya, aka fitar a 2016 da 2018, bai sami bambanci a riƙon fitsari tsakanin robot da yanka ba, a mako na 12 da kuma bayan shekara 2. Ƙwarewar hannun da ke aikin ta fi na'urar tasiri, kuma ina so duk wanda zai sayar da kadara don neman robot ya san wannan.

In da robot ne, bayan an sa barci sai a karkata gadon, kai ƙasa ƙafa sama, domin hanji ya janye daga ƙugu. A hura iska a ciki, a yi huda 5 ko 6. Muna sauke mafitsara daga bangon ciki don mu isa bayan ƙashin mara. Nan akwai igiyoyin da suka ɗaure furostet da bututu a jikin ƙashin. Ba ma datse su gaba ɗaya, domin su ke riƙe bututun a mazauninsa idan mutum ya yi tari. Akwai kuma wani curin jijiyoyin jini da ke kwance a saman bututun, wanda shi ne babban mai zubar da jini a wannan aiki. Dole a ɗaure shi, amma in allurar ɗinki ta nutse da yawa za ta kamo zoben tsokar da ke ƙarƙashinsa, kuma wannan kuskure ɗaya ya isa ya jawo yoyo na watanni.

Daga nan sai a raba wuyan mafitsara da furostet. Idan cutar ba ta kusa da nan, muna ƙoƙarin barin wuyan a tsuke. Sai a yanke bututun maniyyi biyu, a ɗago jakunkunan maniyyi. A ƙarshen jakunkunan nan jijiyoyi suna dab da su, don haka daga wannan wuri muke ajiye wutar ƙona jini.

Kare jijiyar kansa aikin ɓarewa ne. Tantanin da ke jikin furostet hawa-hawa ne, kuma likita ke zaɓar hawan da zai bi, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai da ke son ya rabu da ɓawo ba tare da ya ƙwarzane farin ba. In ya bi dab da jikin furostet, ya bar kusan dukkan jijiyoyin. In ya ɗan ja baya, ya bar wasu ya tafi da wasu, kuma ya sami ɗan kariya tsakaninsa da cutar. In ya bi ta can waje, ya kwashe duka. Abu uku ke kashe jijiya a nan ko da ba a yanke ta ba: zafin wuta, ja da ƙarfi, da matsewa. Shi ya sa muke tsayar da jini da ƙananan maƙalai da siririn zare, muna kuma ture furostet ɗin daga jikin jijiya maimakon jan jijiyar daga jikin furostet. Duk da haka jijiyar takan suma. Wannan sumar ce ke sa miƙewar gaba ta ɗauki watanni, wani lokaci har shekara 2, kafin ta dawo.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙasan furostet, wurin da ta haɗu da makullin. Siffar wurin ta bambanta daga mutum zuwa mutum. A jikin wani furostet ɗin ta tsaya cak, a jikin wani ta zubo ta rufe saman bututun ko bayansa, har ta lulluɓe wani ɓangare na zoben tsokar. Wanda ya yanka kai tsaye a inda ido ya fara nuna masa zai tafi da milimita 3 ko 4 na makulli. Abin da muke yi shi ne mu bi a hankali mu zare bututun daga cikin furostet ɗin, mu yanke shi da almakashi mai sanyi, ba da wuta ba. Matsalar ita ce ƙasan furostet na daga wuraren da aka fi barin ɓurɓushin sankara. In ka matsa sama ka bar cuta, in ka matsa ƙasa ka ci makulli, tazarar da ke tsakani kuwa 'yan milimitoci ce.

Idan cutar mai zafi ce sai a cire kaluluwar ƙugu. Sannan a ɗinke mafitsara da bututun. Da yawanmu kan fara da ɗinkin da Francesco Rocco na Italiya ya fito da shi, wanda ke haɗa tantanin bayan bututu da bayan mafitsara don ya zama matashi ga sabon mahaɗin ya kuma rage masa ja. Kowane ɗinki ya kama bututun daidai gwargwado: in ya yi zurfi ya shaƙe makulli, in ya yi sama-sama ya yage. A sa robar fitsari, a zuba ruwa kamar mililita 150 a mafitsara a ga ko yana tsiyaya. Aikin duka yakan ci awa 2 zuwa 4.

Akwai salo biyu da suka cancanci a sani. Na farko, wanda Aldo Bocciardi ya fara a Milan wajen 2010, ana shiga ne ta bayan mafitsara ba tare da an taɓa igiyoyin gaba ba. Waɗanda aka yi wa wannan aiki sun fi saurin bushewa, wato daina yoyo, a makonnin farko, amma zuwa shekara guda bambancin ya kusa ɓacewa, kuma akwai alamar an fi barin cuta a bakin yanka. Na biyu daga Hamburg ta Jamus ya fito. Ana kare jijiyoyin, a fito da furostet, a daskarar da gefenta a duba da madubin ƙwayoyin cuta tun mara lafiya na barci. In an ga sankara ta taɓo bakin, sai a koma a cire jijiyar wannan gefen. Wannan yana ba likita ƙarfin zuciyar karewa a inda da tsoro zai sa ya yanke, sai dai yana bukatar likitan duba nama a tsaye a lokacin.

To jijiyar ce ke riƙe fitsarin?

A nan masana ba su gama daidaitawa ba, kuma gardamar tana da amfani. Babbar jijiyar da ke motsa zoben tsokar ta wata hanya daban take zuwa, ta ƙasan ƙugu, ba ta cikin damin jijiyoyin da muke karewa ba. Amma akwai ƙananan rassa daga damin da ke shiga santsin tsokar bututun, da waɗanda ke sa mutum ya ji ɗigon farko ya matse kafin ya fita. Wani nazari da ya tattara bincike da yawa a 2015 ya sami cewa waɗanda aka kare wa jijiya sun fi riƙe fitsari a watanni 6 na farko, amma daga shekara guda bambancin bai fito fili ba. Wani babban bincike a Siwidin a wannan shekarar ya sami cewa iya yawan jijiyar da aka bari, iya ƙarancin yoyo bayan shekara, har ga mazan da dama can ba su da ƙarfin mazakuta.

Abin da ya fi gamsar da ni daga Hamburg ya zo a 2016. Sun duba mazan da aka fara kare wa jijiyoyi, sannan aka koma aka cire su saboda gwajin daskararren nama ya nuna cuta. Waɗannan mutane ba su da jijiyoyin, amma bayan shekara guda riƙonsu ya yi daidai da na waɗanda aka bar wa nasu, ya kuma fi na waɗanda tun farko aka kwashe da faɗi. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, tausasa hannun da kare jijiya ke tilasta wa likita a ƙasan furostet shi ne ke tsirar da makulli, aƙalla rabin labarin ke nan. Saboda haka ko dattijon da ya ce mini shi ya gama da harkar iyali, in cutarsa ta ba da dama, ina kare masa. Wanda kuma dole a cire wa jijiya, ba na barin hakan ya zama dalilin yin gaggawa a bakin makullinsa.

Game da alƙaluma, a tambayi likita me yake nufi da bushewa. Wasu na ƙirga wanda ke sa ƙunzugu ɗaya a rana don kariya a cikin waɗanda suka warke, wasu kuma sai wanda ba ya sa komai. A gwajin ProtecT na Birtaniya, inda marasa lafiyan da kansu suka ba da amsa, kashi 46 cikin 100 na rukunin tiyata suna sa ƙunzugu a wata na 6, kashi 17 kuma a shekara ta 6.

Daga farkawa zuwa cire roba

Ana tashi tafiya a ranar ko washegari. Mai robot yakan kwana 1 ko 2, mai yanka 3 zuwa 5. Robar fitsari tana zama kwana 7 zuwa 14. A ɗaure ta a cinya don kada ta ja ɗinki, jakar kuma kullum tana ƙasa da mafitsara. Ɗan jini a fitsari da jin kamar fitsari ya matsa duk da roba ba abin tsoro ba ne. Abin da ke sa a dawo asibiti nan take shi ne fitsari ya daina sauka a jaka, ko zazzaɓi, ko guda-gudan jini, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko numfashi ya yi wuya. In robar ta fita da kanta, kada a bari wani ya mayar da ita a kemis ko ƙaramin asibiti. Sabon ɗinki ne a wurin, kuma roba na iya ɓula shi ta bi wata hanya. A nemi likitan mafitsara. Haka kuma ba a tura magani ko yin ɗure ta dubura a makonnin nan, domin bangon hanjin ya yi siriri a inda aka ɗaga furostet. Taurin bayan gida a magance shi da ruwa, ganye da maganin sha. Ba a yin atisayen matsewa muddin roba na ciki.

Ranar cire roba a zo da ƙunzugun manya da wandon ciki mai kama jiki. Mafi yawan maza da sun miƙe tsaye fitsari zai zubo, wasu ma kamar babu makulli sam. Wannan ranar ba ta nuna yadda ƙarshe zai kasance. Dawowar riƙo tana da tsarin da muke gani kullum: a fara bushewa da dare a kwance, sai a iya tashi daga gado a kai banɗaki, sai safiya ta gyaru, yamma ce ke zuwa ƙarshe saboda tsoka ta gaji. Babban ci gaba yana zuwa ne a watanni 3 na farko, ya ci gaba a hankali har wata 12, wani lokaci har 24.

Atisayen shi ne ka matse kamar za ka tsayar da fitsari, ka ji azzakari ya ɗan ja ciki, 'ya'yan maraina sun ɗaga. Ciki, cinya da ɗuwawu su zauna a sake, numfashi kuma kada ya tsaya. Ka riƙe daƙiƙa 5, a hankali ka kai 10, ka huta daidai haka, sau 10. Sai gajeru masu sauri sau 10. Sau uku a rana, a kwance, a zaune, sannan a tsaye. Kuskuren da na fi gani guda biyu ne: matse dubura kaɗai, da yin ɗaruruwa a rana har tsokar ta gaji yoyon ya ƙaru da yamma. Abin da ya fi komai aiki shi ne matsewa kafin motsi, wato kafin tari, atishawa, tashi daga kujera ko ɗaga buta. Kada a mai da tsayar da fitsari a tsakiyar yin sa ya zama atisaye, sau ɗaya don gane tsokar ya isa.

Ga masu sallah, ruku'u da tasowa daga sujada su ne lokutan da ɗigo ke fita. A yi fitsari dab da alwala, a sa sabon ƙunzugu, a matse kafin a sunkuya da kafin a ɗago. Wannan na daga abin da ya fi damun dattawa, har wasu su daina zuwa masallaci. Malamai sun daɗe da magana a kan yoyon fitsari, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala. A tambayi malami a kan halin da ake ciki, kada kunya ta tsare mutum a gida.

Rage shan ruwa don gudun yoyo yana ƙara lalata lamarin, domin fitsari mai kauri yana harzuƙa mafitsara. A sha lita 1.5 zuwa 2 a rana, fiye da haka in ana zafi, a rage bayan magariba. Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon kwalba masu kafeyin suna ƙara gaggawar fitsari, a ja baya da su na watannin farko. Ba a ɗaga kaya mai nauyi ko hawa babur har mako 6. A wajen mako na 6 zuwa 8 ake gwada PSA, kuma ya kamata ya sauka ƙasa da 0.1. In ya hau ya kai 0.2 za a fara zancen gashi, kuma in da hali mun fi so riƙo ya daidaita kafin a fara, domin yoyon da gashi ya tarar yakan tsaya inda yake.

Don sanin ko ana ci gaba, ƙirga ƙunzugu ba ya isa, saboda wani na canzawa da ɗigo ɗaya, wani sai ya jiƙe sharkaf. A auna nauyin busasshe, a tara na awa 24 a leda a auna, a cire nauyinsu na lokacin da suke bushe. Giram 1 daidai yake da mililita 1. Ƙasa da giram 100 yoyo ne kaɗan, 100 zuwa 400 matsakaici, sama da 400 mai yawa. A rubuta sau ɗaya a mako.

Idan shekara ta zagayo bai tsaya ba

Ba kowane yoyo ne daga raunin makulli ba, shi ya sa muke bincike kafin mu ce a sake aiki. Wanda ke zuba da tari ko motsi amma ya bushe a kwance, makulli ne. Wanda fitsari ke taso masa da gaggawa ya kufce kafin ya kai banɗaki, mafitsara ce, kuma magani irin solifenacin ko mirabegron na taimakawa. Wanda ƙarfin fitsarinsa ke raguwa mako bayan mako yana ta ɗiga dare da rana, mai yiwuwa tabo ne ya tsuke mahaɗin, mafitsara ta cika tana ambaliya. Wannan sai an leƙa da madubi an buɗe. Akwai kuma ɗigon fitsari lokacin inzali, wanda maza ba sa faɗa sai an tambaye su. Yin fitsari kafin saduwa yana rage shi.

In makulli ne kuma ci gaba ya tsaya, daga wata 6 zuwa 12 ake fara maganar gyara. Mai yoyo kaɗan zuwa matsakaici wanda ba a yi wa gashi ba, ana iya sa masa majanyin roba a ƙarƙashin bututu ya ɗaga shi. Mai yoyo da yawa ko wanda aka gasa, makullin roba ya fi dacewa da shi, na'urar da Brantley Scott ya fara dasawa a farkon shekarun 1970. Kashi uku ne: zobe mai ruwa da ke kewaye bututu, 'yar jaka a cikin mara, da ɗan famfo a cikin fatar maraina. In za a yi fitsari a matsa famfon, zoben ya saki, bayan 'yan mintuna ya sake cika da kansa. Ba a kunna shi sai bayan mako 4 zuwa 6 da dasawa. Yana bukatar hannu mai ƙarfin matsawa da hankalin da zai tuna, kuma bayan shekaru yakan nemi gyara ko canji. Wanda ke ɗauke da shi ya riƙa yawo da kati a aljihu, iyalinsa ma su sani, domin in aka kai shi asibiti a sume aka tura masa robar fitsari ba a kashe na'urar ba, zoben zai iya cinye bututun har a cire shi gaba ɗaya.